Littafin da Na Tafi da Shi Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Wadda muka haɗu a bakin famfo sai ta ce, "Ummi, yaya Nijar?" Wadda ta kira ni a waya ita ma haka. Kuma duk wadda na fara ba labarin sai ta katse ni a tsakiya ta tambayi atamfa. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta ƙara tambayata, wannan zan miƙa mata.

Da farko dai ba yawo na je ba. Goggo Asabe na raka, yayar Babanmu. Suna da ƙane, Baffa Ilya, wanda ya auri 'yar Damagaram ya zauna can tun kafin a haife ni. Kakarmu Hajiya ba ta so auren ba, kuma ba ta ɓoye ba. Da ta rasu Baffa bai zo jana'iza ba, sai bayan arba'in ya aiko da gaisuwa. Shi ya ce saƙo ne ya iske shi a makare, Baba ya ce matarsa ce ta hana shi. Daga nan magana ta yanke tsakaninsu, shekara ashirin da biyu. Bana Goggo ta ce yanar ido tana neman rufe mata gani, kuma ba za ta yarda ta makance ba ta ga ƙannenta biyu a tabarma ɗaya ba. Za ta je ta taho da Ilya. Baba ya ce ta je, bai hana ba, bai kuma aike ta ba. Ni aka ce in bi ta in riƙe mata hannu a tasha.

Ranar tafiya Mama ta ja ni gefe. "Ummi, don girman Allah ki bar bakin nan naki a nan unguwarmu, Fadaman Mada. Kika yi magana ɗaya ba daidai ba, wahalar Goggonki ta tashi a banza."

Na ce to. Har zuciyata na faɗa.

Littafin kuma na Rifkatu ne, ƙawata da ke aiki a wani kemis a Gwallameji. Bangonsa ya yage tun kafin ya zo hannunta, don haka kada a tambaye ni sunansa. Ta san halina, ni ƙarshen littafi nake fara dubawa in ga ko ya cancanci wahala. Sai ta sa allura da zare ta ɗinke shafukan ƙarshe.

"In kika warware kafin ki kai wurin, Allah ya isa," in ji ta.

"Rifkatu, a kan littafi?"

"A kan wannan dai. Ki bi shi a hankali."

Mun tashi daga Bauchi da safe a motar Kano. Kafin Ningi na karanta shafi talatin, kuma ga abin da ya faru a cikinsu: wata malamar makaranta, Safiya, ta kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa. Tsohuwar tana da kirki, ba ta da yawan magana. Wata rana Safiya ta ajiye cokali a kan tebur, ta dawo ta same shi a taga. Shi ke nan. Shafi talatin a kan cokali. Na yi tsaki na rufe.

Goggo ta ce, "Me ya yi miki?"

"Ba ya tafiya, Goggo. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi soyayya."

"Karanta da ƙarfi mu ji. Ni idona ya hana ni ganin hanya, kin ga sai ki rage mini zaman."

Haka na koma farko ina karantawa a bayyane. Wani Alhaji mai sayar da taya da ke gidan gaba ya jure har Birnin Kudu, sannan ya juyo. "'Yata, wai har yanzu cokalin nan ake nema? In ba su da shi in saya musu." Mota ta kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma da na tsaya in sha ruwa, direba ne ya ce, "Ci gaba mana, madubin fa, wa ya juya shi?" Ashe tun tuni ya kashe rediyo.

A Kano muka canza mota zuwa Daura, muka sauka gidan wata tsohuwar ƙawar Goggo. Ɗakin da aka ba mu cike yake da buhunan gero, mu da su muka raba wurin. An kawo mana fura mai kauri, wadda in ka tsayar da ludayi a ciki ba zai faɗi ba. Goggo ta sha ta yaba, sannan ta ce in ɗauko littafi kafin magariba. A nan ne Safiya ta fara rubuta wa kanta inda ta ajiye kowane abu, sai ta wayi gari ta ga takardar da rubutun hannunta amma ba abin da ta tuna ta rubuta ba. Daga nan littafin ya fara kama ni. Ban faɗa wa Goggo ba, don na riga na zagi littafin.

Goggo ta ce, "Yarinyar nan ba ta da baki ne? Ta tambayi tsohuwar mana."

"In ta tambaya littafin ya ƙare, Goggo."

"Da ya fi mata."

Washegari muka isa iyaka a Kongolam. Na yi zaton zan ga wata katuwar ƙofa. Sanda ce a gicciye da 'yan ofisoshi, da masu canjin kuɗi suna bin mutum kamar sun san shi. An duba katinmu da takardar allura a ɓangarenmu, aka sake dubawa a nasu. Wani jami'i ya ce a buɗe jakar tsarabar Goggo. A ciki akwai daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, da garin yaji da ta sa aka daka mata musamman don Baffa yana so tun yana yaro. Ashe ledar yajin ta fashe tun a hanya. Mutumin ya cusa kai ya ɗago yana atishawa, abokin aikinsa ya matso ya ga me ya faru shi ma ya kama. Na ƙirga bakwai a jere. Da hannu kawai ya yi mana alamar mu wuce. Goggo tana ta ba shi haƙuri, ni kuwa na cusa mayafi a baki don kada in ja mana.

Daga nan har Damagaram abin da na fi lura da shi shi ne ba wanda ke sauri. Direba ya tsaya a Matamaye ya yi salla, ya sha shayi, ya gaisa da rabin garin. Da na tambayi yaushe za mu isa, ya ce wajen ƙarfe goma sha biyar. Na ce agogon nawa a sha biyu yake ƙarewa. Wata mata ta yi mini bayani cewa ƙarfe uku yake nufi, tana kallona kamar ni ce ban je makaranta ba.

Baffa Ilya da kansa ya zo tasha. Ban taɓa ganinsa ba amma daga nesa na gane shi, Baba ne sak in an rage masa tumbi. Goggo ta kama fuskarsa da hannu biyu ta matso da ita dab da idonta. Ni na juya ina gyara jaka.

Gidansa na ƙasa ne, mai faɗin tsakar gida da bishiyar darbejiya. Matarsa, Inna Mariyama, doguwa ce siririya. Ta rungume Goggo, ta yi mata lale har da hawaye. Da ta juyo ta gan ni sai ta tsaya cak. Ta sunkuyar da kai, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Sannunku da hanya." Ta tashi ta shige madafa. Ni fa ta durƙusa wa, alhali a haife ta haife ni.

Abinci kam an ba mu. Da safe burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, wanda sai ka yi kokawa da shi, da shayi a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku, na farkon ɗaci kamar magani. Da rana dambu da zogale, ko shinkafa da miya mai nama fiye da ruwa. Kilishinsu ya fi namu, na faɗa, duk wanda zai ji haushi ya ji. Amma masa ba su iya ba. Na ci guda ɗaya na tuna masar gidanmu da miyar taushe, na kusa kuka. Kuma da azahar garin kulle kansa yake yi, kantuna a rufe, titi ba kowa, sai la'asar a farfaɗo. A wannan zaman ne nake karanta wa Goggo littafi a ƙarƙashin darbejiya.

Nan abin ya fara. Na bar takalmina a ƙofar ɗaki, na fito na same su a inuwa, an jera su. Na bar littafin a kan tabarma, na same shi a saman taga. Na ce wataƙila ni ce na manta. Washegari na lura da kyau inda na ajiye mayafina, cikin jaka, ƙarƙashin zani. Da na dawo daga wanka yana rataye a ƙusa yana ƙamshin wani turare da ba nawa ba. Inna Mariyama kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi magana a kaina sai ta ce wa 'yarta, "A kai musu ruwa." In na shigo wuri ta tashi. In na ɗaga kai sai in ga tana kallona daga ƙofar madafa, mu haɗa ido ta kawar.

A littafi kuma daidai lokacin Safiya ta daina cin abincin tsohuwar, ta rame, abokan aikinta sun fara cewa ta taɓu. Marubucin ba ya gaggawa ko kaɗan. Sai ya yi shafi biyar a kan yadda tsohuwar ke yanka albasa, kai kuma kana karantawa zuciyarka na bugawa, ba ka san dalili ba. Ni da na ce ba ya tafiya, sai ga shi ina ɗauke da shi har banɗaki. Na fara duba furar da ake kawo mini kafin in sha. Na tuna maganar Baba cewa matar nan ce ta raba shi da ƙaninsa. Na ce a raina, ashe.

Na gaya wa Goggo a ɓoye. Ta ce, "Ke dai ki ci abinci ki yi shiru. Ilya ya fara saukowa."

Gaskiya ne ya fara. Kwana uku tana bin sa a hankali, ba ta ambaci Bauchi ba sai labarin yarinta. A rana ta huɗu bayan la'asar, muna zaune ana shayi, shi da bakinsa ya tambayi ko ciwon ƙafar Baba ya yi sauƙi. Goggo ta ce, "Ka zo ka gani mana." Bai ce a'a ba. Yana dai ta juya kofi.

Daidai nan na shiga ɗaki ɗauko littafi, na tarar da Inna Mariyama durƙushe gaban jakata, rigata a hannunta, ga kaskon turare a gefe yana hayaƙi. Ban yi tunani ba. Da ƙarfi na faɗa, yadda duk tsakar gida za a ji.

"Inna, wai me kike nema a kayana? Kullum sai an taɓa mini abu. In wani abu ake so a yi mini, a faɗa mini a fuska."

Ta saki rigar. Ta raɓa ta gefena ta fita da kaskonta.

Da na fito Baffa yana tsaye. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi Goggo ya ce, "Yaya, kin ji ko? Maganar da aka yi mata a Bauchi ke nan ranar da na kai ta gaisuwa. An ce ta zo da asiri a ƙullin zaninta. Na ɗauka ta mutu da masu ita, ashe gado aka bari." Ya sa takalmi. "Gobe akwai motar safe. Zan kai ku tasha."

Ya fita. Goggo ko kallona ba ta yi ba. Na fi son ta zage ni.

Can ta ce, "Sunan wa gare ki?"

"Sunan Hajiya."

"To. Mu a gida mun ce miki Ummi mun wuce wurin, har aikenki muke yi. Mariyama ba ta wuce ba. Surukarta ce ta shigo mata gida, da sunan, da fuskar, da tafiyar. Yaya za ta kira sunanki? Yaya za ta zauna kina tsaye? Hajiya ba ta taɓa yarda ta ci abincin hannunta ba, ko ruwa ba ta karɓa ba. Shi ne take yi miki abin da ba a bar ta ta yi wa waccan ba. Turaren nan na manyan baƙi ne, ba kowa suke yi wa ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Bakin ma nata kika ɗauko. Shi ne ban so ki taho da shi ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ta ba? Kwana nawa kina karanta mini wadda ta ƙi tambaya?"

Na tashi na nufi madafa. Inna Mariyama tana tsince shinkafa, hawaye na sauka cikin faranti. Na durƙusa. Tana ganin haka ta ture farantin ita ma ta durƙusa, ta fi ni yin ƙasa. Na ƙara sunkuyawa, ta ƙara. Da wani ya leƙo da ya ce kuɗi muka yar muke nema.

"Inna, don Allah ki tashi. Ni na yi laifi. Littafi ne ya cika mini kai, na ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

"Ba ku yi komai ba," in ji ta, kanta a ƙasa. "Ni ce ban nemi izini ba." Sannan ta ce, "Saƙon rasuwar ni na karɓa. Malam yana daji wajen dabbobi, ba waya a lokacin. Na aika, ɗan aiken ya yi sati biyu bai same shi ba. Da ya dawo na ce mu tafi, ya ce da wace fuska. Ban hana shi ba, Allah ne shaida. Ku ce kun yafe mini."

Na gane ba da ni take magana ba. Kuma na san abin da ya kamata in yi shi ne in ce na yafe, a tashi lafiya. Amma ni ce.

"Inna, ni ba Hajiya ba ce. Ummi ce, shekarata ashirin da ɗaya, ko tuwo ban iya tuƙawa da kyau ba. In na ce na yafe, bakina kawai kika ji. Wanda ya riƙe ki a zuciya yana nan da rai a Fadaman Mada yana jan ƙafa. Wannan maganar da kika faɗa mini, shi bai taɓa jin ta ba. Ki zo ki faɗa masa."

Ta ɗago ta dube ni. Karo na farko ke nan da ta bari muka haɗa ido.

Ban san abin da suka tattauna da Baffa ba. Da safe ya ce an ɗaga tafiyar zuwa jibi, kuma bai yi mini magana ba har muka bar garin, gaisuwata kawai yake amsawa. A kwana biyun nan muka ƙarasa littafin, Inna Mariyama tana zaune a bakin tabarma tana saurare, ita ta ba ni reza na yanke zaren Rifkatu. Ba zan faɗi ƙarshen ba. Abin da zan ce kawai, tsohuwar cikin littafin ba ta da gaskiya, kuma abin da ta yi ya fi duk abin da na zata muni. Goggo ta yi salati. Inna ta riƙe baki ta ce, "Wannan mata ba ta tsoron Allah." Ni kuwa na rufe shi ina jin haushinsa ina kuma jin daɗinsa. Littafi ne mai kyau, na janye tsakin da na yi a hanyar Ningi. Ba ya tsorata mutum da ihu, zama yake yi kusa da kai har ka fara zargin kofin da ke hannunka. Shawarata ɗaya, kada a karanta shi a gidan da aka je baƙunta.

Ranar tafiya Baffa ya kai mu tasha, mu uku. Shi bai biyo mu ba. Ya ce wa Goggo, "Ta je ta gani. In an karɓe ta, ina nan tafe bayan girbi. In ba a karɓe ta ba, ki sa ta a mota, kada ta kwana." Goggo ta so ta yi gardama, ta fasa.

Inna Mariyama ba ta taɓa wuce Kano ba sai sau ɗayan nan da aka kore ta. Duk hanya tana riƙe da ƙullin kilishi a cinya, ba ta ci komai ba sai ruwa. Mun shiga Bauchi da la'asar sakaliya, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gida.

Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ƙafa a kan matashi. Ya ga Goggo, ya gan ni, ya ga ta ukun. Ba wanda ya gaya masa ko wace ce. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon bango. Sai ta faɗi maganarta, yadda ta faɗa mini, ba ta ƙara ba ta rage ba. Mama ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Baba ya daɗe yana jan carbi. Ni ina ta cizon leɓe don kada wani abu ya fito.

Can ya ce, "Ilya yana daji?"

"Yana daji, Yaya."

"Sati biyu."

"Sati biyu da kwana ɗaya."

Ya ajiye carbin. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullai, ya ware wani ƙarami da ya yi tsatsa, ya miƙo mini. Na ɗakin Hajiya ne, wanda ban taɓa ganin an buɗe ba tun da na yi wayo.

"Ummi, je ki share. Baƙuwa ba za ta kwana a falo ba."